Kafin Ragon Suna: Darasi Kan Taimakon Masu Haihuwa da Jarirai a Asibiti

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Yake fitar da ɗan Adam daga cikin mahaifiyarsa bai san komai ba, bai iya komai ba, sannan Ya sanya tausayinsa a zukatan bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Allah Ya ƙara yarda ga Shehu Ahmadu Tijjani da sauran waliyyanSa. Bayan haka:

A ƙasar Hausa idan aka yi haihuwa, hankalin dangi yakan tafi ne ga ranar bakwai. Maigida yana neman rago, ƴan'uwa suna haɗa goro da dabino, mata suna tanadin kayan barka. Wannan abu ne mai kyau, domin yanka ragon suna sunna ce. Sai dai akwai gidajen da ranar bakwai take riskarsu suna zaman makoki, akwai kuma waɗanda take riska a farfajiyar asibiti, uwa tana kwance a wani ɗaki, jariri yana kwance a wani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa daga cikin jariran da suke rasuwa a watansu na farko, kusan kashi uku cikin huɗu suna rasuwa ne a makon farko. Ita ma uwa, hatsarin da ya fi girma a kanta yana cikin sa'o'in naƙuda da kwana ɗaya ko biyun da suke biye. Saboda haka wannan darasi zai tsaya ne a kan kwanaki shidan da suke gabanin suna, da abin da ya hau kan ƴan'uwa a cikinsu.

Abin da aka bai wa Nana Maryam

Babu macen da Alƙur'ani ya kira da sunanta sai Nana Maryam (AS), kuma ita ce Allah Ya kawo labarin naƙudarta a cikin surar da take ɗauke da sunanta, daga aya ta 22 zuwa ta 26. Ta keɓe a wuri mai nisa, naƙuda ta kai ta gindin dabino, babu uwa a kusa, babu ungozoma. Tsananin abin ya kai har ta yi fatan da ma ta mutu kafin wannan rana an manta da ita. Wannan kuwa ita ce siddiƙar da Allah Ya zaɓa a kan matan talikai. Idan ita ta kai wannan hali, to yaya yarinya ƴar shekara goma sha shida da aka ɗauko daga ƙauye cikin dare, ba ta san kowa a gari ba?

Mai lura zai ga abubuwa uku aka ba ta. Da farko aka kira ta aka kwantar mata da hankali, aka hana ta baƙin ciki. Sannan aka nuna mata ruwa yana gudana a kusa da ita. Sannan aka ciyar da ita ɗanyen dabino nunanne. Magana mai daɗi, da abin sha, da abin ci. Malamai sun kuma tsaya a kan umurnin da aka yi mata na ta girgiza kututturen dabinon da kanta, alhali mace mai naƙuda ba ta da ƙarfin motsa shi, kuma Allah Mai iko ne Ya zubo mata ba tare da ta taɓa shi ba. Daga nan suka fitar da cewa riƙo da sababi ba ya karya tawakkali. Neman mota cikin dare, da sayen magani, da ba da jini, duk girgiza dabinon ne, Allah kuma Shi ne Mai zubowa.

Daren Sayyidina Umar

Marubuta tarihin halifofi sun kawo cewa wata rana Sayyidina Umar (RA) yana zagayen dare a gefen Madina, sai ya tarar da wani baƙo zaune a ƙofar tanti, daga ciki kuma ana jin nishin mace. Da ya tambaya, aka ce masa naƙuda take yi kuma babu kowa tare da ita. Umar ya koma gida ya taso matarsa Ummu Kulsum, ƴar Sayyidina Ali (RA), ya tambaye ta ko tana son wani lada da Allah Ya koro mata. Ta ɗauki kayan da ake bukata wajen haihuwa, shi kuma ya ɗauki tukunya da gari da mai. Ita ta shiga wajen matar, shi ya zauna a waje yana hura wuta yana dafa abinci. Baƙon bai san da wa yake zaune ba, sai da Ummu Kulsum ta yi kira daga ciki ta ambaci Amirul Muminina, ta ce ya yi wa abokinsa albishir da ɗa namiji.

An kuma ruwaito cewa a wani daren ya ji jariri yana ta kuka a cikin ayarin fatake, ya gano uwar tana ƙoƙarin yaye shi da wuri ne, domin baitulmali ba ya yanka wa yaro kaso sai bayan yaye. Da gari ya waye Umar ya yi kuka, ya sa aka yi shela cewa daga yau kowane jariri yana da kasonsa tun ranar da aka haife shi. A labarin farko ya taimaki mace guda da hannunsa, a na biyu ya gyara tsari domin dukkan mata. Duka biyun ana bukatarsu.

Halin da ake ciki a Nijar

Binciken ƙasa kan al'umma da lafiya na 2012 ya nuna cewa a cikin kowace haihuwa 100,000 mata 535 ne suke rasa ransu, wato fiye da mace ɗaya a kowace haihuwa 200. Abubuwan da suka fi kashe su sanannu ne: zubar jini bayan haihuwa, jijjiga da hawan jini yake kawowa, doguwar naƙuda, da zazzaɓin da ƙwayoyin cuta suke haddasawa. Ƙarancin jini, wanda zazzaɓin sauro da rashin abinci mai gina jiki suke ƙara wa ƙarfi, yana sa mace ta shiga ɗakin haihuwa ba ta da jinin da za ta iya asara. Su kuma jarirai, abin da ya fi ɗaukarsu shi ne zuwa bakwaini, da rashin yin numfashi a lokacin haihuwa, da kamuwa da cuta a kwanakin farko.

Masana lafiya suna cewa jinkiri uku ne suke kashe mai haihuwa. Na farko jinkirin yanke shawarar a tafi asibiti, ana jiran maigida ya dawo ko ana gwada jiƙo. Na biyu jinkirin hanya, daga ƙauye a kan amalanke zuwa cibiyar lafiya, daga nan zuwa asibitin gunduma, wani lokaci har zuwa cibiyar lafiyar uwa da yaro a Maraɗi, Damagaram ko Tawa, ko asibitin haihuwa na Issaka Gazobi a Yamai. Na uku jinkirin samun kulawa bayan an isa, saboda babu jini ko magani a hannu. Zubar jini mai tsanani kuwa yana iya kashe mace lafiyayya cikin sa'o'i biyu.

Gwamnati ta ɗauke wani nauyi. Tun 2005 aka mayar da fiɗar haihuwa kyauta, a 2006 aka ƙara da awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar, sannan a 2024 aka rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi, aka kuma mayar da haihuwa kyauta. Amma doka ba ta biyan kuɗin mota, ba ta ciyar da mai jinya, ba ta noma gonar da aka bari a gida. Idan magani ya ƙare a asibiti, takarda ake rubutawa a je a sayo a waje. Jini kuwa babu inda ake ƙera shi, sai wani ya miƙa hannunsa.

Hukuncin zare

Mutane da yawa suna ɗaukar irin wannan taimako a matsayin nafila, wanda ya yi ya samu lada, wanda ya bari ba komai. Fiƙihun Malikiyya ya fi haka tsanani. A cikin Mukhtasar, a babin yanka, Shehu Khalil ya lissafa waɗanda ake ɗora wa lamuni saboda abin da suka ƙi yi. Daga cikinsu akwai wanda yake da zaren da za a ɗinke wa wani raunin da ya huda ciki, ya hana, da wanda yake da rarar abinci ko abin sha ya hana wanda ya matsu, har mutumin ya halaka. Ma'ana, idan rai yana kan gargara kuma maganin yana hannun mutum, bayarwa ta zama wajibi, hanawa kuma ta zama laifi. Zaren wancan zamani shi ne zaren ɗinkin fiɗa a yau, shi ne ledar jini, shi ne man motar da za ta ɗauki mai naƙuda. Ceton rai farali ne na kifaya: idan wasu suka yi ya sauka daga kan saura, idan kowa ya bari, duk wanda ya sani kuma yana da iko ya shiga zunubi. Aya ta 32 a Suratul Ma'ida ta daidaita raya rai guda da raya mutane duka, a nan kuwa sau da yawa rai biyu ne.

Nauyin farko yana kan miji. A babin ciyarwa, Khalil ya sanya ladar ungozoma cikin abin da yake kan miji, ya kuma ce ana ƙara wa mai shayarwa abincin da za ta samu ƙarfi da shi. Don haka wanda ya tanadi kuɗin rago bai tanadi kuɗin hanyar asibiti ba, ya gabatar da sunna a kan wajibi. Idan miji ya gaza, nauyin ya koma kan dangi da maƙwabta da jama'ar Musulmi.

Zakka tana shiga nan ta ƙofofi da dama cikin takwas ɗin da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambata. Iyalin da ba su da abin biya fakirai ne ko miskinai. Wanda ya ci bashi don ya ceci matarsa yana cikin mabarta da bashi ya yi wa katutu. Baƙauyen da guzurinsa ya ƙare a birni ɗan hanya ne. Sharaɗin shi ne a mallaka wa mabukacin. Sayen gadaje ko na'urori ga asibiti, wannan aikin sadaka ne da waƙafi.

Akwai kuma wata fahimta da take bukatar gyara. Ya tabbata a hadisi cewa macen da ta rasu a dalilin haihuwa shahida ce. Wannan bushara ce gare ta da ta'aziyya ga danginta. Wanda ya nutse a ruwa shi ma shahidi ne, amma babu malamin da ya ce wanda yake bakin gaɓa da igiya a hannu ya tsaya yana kallo. Shahadarta ba ta wanke wanda ya yi sakaci da ita.

Ƙofofin taimako

Ta farko ita ce jini. Baligi mai lafiya, daga shekara 18, wanda nauyinsa ya kai kilo 50, yana iya bayar da kimanin mililita 450, jikinsa kuma ya mayar da abin da ya fita cikin ƴan makonni. Namiji yana iya maimaitawa bayan wata uku. Ana gwada jinin kafin a ƙara wa kowa. Malaman zamani sun halatta bayarwa, sun hana sayarwa, sun kuma bayyana cewa ƙarin jini ba ya haifar da muharramaka kamar yadda shayarwa take yi, don haka miji yana iya bai wa matarsa aurensu yana nan daram. Bukatar tana ƙaruwa da damina, lokacin da zazzaɓin sauro yake cika ɗakunan yara. Zawiya wuri ne da maza masu lafiya suke haɗuwa kullum domin wazifa. Da a ce kowace zawiya tana da littafi mai sunayen masu son bayarwa da rukunin jininsu da lambar wayarsu, da kira ɗaya ya wadatar cikin dare. Mafi kyau ma a riƙa zuwa cibiyar ƙarin jini a ƙungiyance lokaci zuwa lokaci, domin jinin da aka ajiye tun jiya ya fi wanda ake nema yau saurin isa ga mai bukata.

Ta biyu ita ce asusun gaggawa. Idan mutum 40 suka ajiye dala ashirin-ashirin kowace Juma'a bayan zikiri, an tara jika huɗu a mako, jika 208 a shekara. Wannan kuɗi ba zai gina asibiti ba, amma zai sayi man mota, ya fanshi takardar magani, ya mayar da mai jego gida. A haɗa da sanin wane ne yake da mota ko babur mai ƙafa uku a unguwa wanda ya yarda a tashe shi kowane lokaci.

Ta uku ita ce abinci da masauki. Mai jego tana bukatar kunu mai zafi, ruwan zafi, sabulu, zane mai tsabta. Tsohuwar da ta rako ta tana kwana a kan tabarma a tsakar asibiti, wani lokaci mako biyu ko uku idan jaririn yana kwalba. Matan zawiya da suke girkin Maulidi na ɗaruruwan mutane ba za su gaza raba kwanaki a tsakaninsu ba, kowace rana gida ɗaya ya kai kwano.

Ta huɗu ita ce ta jaririn kansa. Wanda aka haifa kafin mako 37, ko nauyinsa bai kai kilo biyu da rabi ba, sanyi abokin gabarsa ne ko da a bazara. A 1978, a wani asibiti a Bogota ta ƙasar Kolombiya inda kwalaben jarirai suka yi kaɗan, likitoci suka fara ɗaura bakwaini a ƙirjin uwarsa, fata da fata, dare da rana. Ana kiran wannan hanyar kangaru, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a yi ta. Goyo ne irin wanda kowace Bahaushiya ta sani, sai dai a gaba. Abin da take bukata shi ne zane, hula, safa, da wanda zai karɓi uwar idan ta gaji, ko kaka ko uba, da wanda zai kula da sauran yaran a gida. Haka kuma a ƙarfafa wa uwa ta ba shi dakashi, nonon farko da wasu suke zubarwa, domin shi ne rigakafinsa na farko.

Ta biyar ita ce waɗanda aka fi mantawa. Akwai wadda ta fito daga asibiti hannu biyu babu goyo. Akwai jaririn da ya fito babu uwa, wanda yake bukatar mai shayarwa ko madara ta watanni. Akwai wadda doguwar naƙuda ta bar wa yoyon fitsari, miji ya guje ta, mutane suna toshe hanci. Wannan ciwo ana yi masa aiki, akwai cibiya ta ƙasa a Yamai, akwai kuma ta Danja kusa da Maraɗi. Kuɗin motar da zai kai ta can yana iya dawo mata da sallarta cikin natsuwa da zamanta cikin mutane.

Ladubban wannan hidima

Aya ta 264 a Suratul Baƙara ta yi gargaɗi cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka, aya ta 271 kuma ta fifita ɓoye ta. Ɗaukar hoton mai jego a kan gadon asibiti a watsa a Facebook ko WhatsApp tonon asiri ne, ko da niyyar neman taimako aka yi. A nemi taimakon ba tare da fuskarta ko sunanta ba. Ɗakin haihuwa wurin mata ne: maza su tsaya inda Umar ya tsaya, wajen wuta da tukunya, mata su shiga inda Ummu Kulsum ta shiga.

Kada a tambayi mara lafiya ɗariƙarta ko ƙungiyarta ko addininta kafin a taimake ta. Umar bai tambayi baƙon nan ƙabilarsa ba. A bi dokokin ma'aikatan lafiya game da lokacin ziyara da wanke hannu, a taƙaita zama. A yi addu'a gwargwadon iko, amma kada a ɗura wa jariri komai a baki, ko rubutu ne ko jiƙo, sai da iznin likita, domin bakwaini yana iya shaƙewa da ɗigon ruwa. Kuɗin asusu amana ne: mutum biyu su riƙe, a rubuta shiga da fita, a karanta wa jama'a jimilla ba tare da ambaton waɗanda aka bai wa ba.

Rabon muridi

Shehu Tijjani (RA), a cikin wasiƙunsa ga almajirai, ya yi wasiyya da yin sadaka kowace rana gwargwadon iko, ko da ƙaramin kuɗin tagulla ne ko loma ɗaya, bayan an sauke haƙƙoƙin dukiya na wajibi. Ɗalibin da ba shi da ko dala yana da jini a jikinsa, yana da ƙafar zuwa kantin magani, yana da Faransancin da zai karanta wa tsohuwa takardar likita ya nuna mata ƙofar da za ta bi. Babu wanda talauci ya fitar daga wannan babi.

Masu tarbiyya suna cewa hidima tana gyara zuciya ta inda yawan magana ba ya kaiwa, domin tana karya girman kai. A cikin hadisin ƙudusi da Imam Muslim ya ruwaito, Allah zai tuhumi bawa ranar ƙiyama cewa Ya yi rashin lafiya bai gaishe Shi ba, Ya nemi abinci bai ciyar da Shi ba, Ya nemi ruwa bai shayar da Shi ba. Idan bawan ya yi mamakin yadda haka za ta kasance ga Ubangijin talikai, sai a sanar da shi cewa wane bawan Allah ne ya kwanta, kuma da ya je gaishe shi da ya sami Allah a wurinsa. Muridi yana tashi da asuba yana juya tasbaha yana neman kusanci, ga kuma wuri an faɗa masa a fili. Gaisuwa, abinci da ruwan da hadisin ya ambata su ne abubuwa ukun da aka bai wa Nana Maryam a gindin dabino.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya jariran da suke kwance, Ya jiƙan matan da suka rasu a kan gwiwa, Ya ba iyalansu haƙuri. Allah Ya saka wa ungozomomi da likitoci da masu ba da jini da alheri, Ya sanya ikhlasi a cikin aikin ƴan'uwa, albarkar Annabi Muhammadu (SAW). Amin.